Fuska ta Biyu ta Faifan Kawu

Akwai wata ranar bazara a Dogon Dutsi da na san ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ba haɗari aka yi ba, ba gobara ba, ba kuma wanda ya mutu a ranar. Ni ne da tsofaffi biyu kawai, muna sauraren wani tsohon faifai na kiɗan Turawa. In na ba mutane labarin sukan ce, "To, shi ke nan?" Ni kuwa na ga manyan abubuwa bayan wannan na manta da su, amma ita ta ƙi tafiya.

Lokacin ina koyarwa a wani kwalej, wato makarantar sakandare, wajen Dumega. Aji cike maƙil, rufin kwano, zafi na sauka a kan yara har su riƙa gyangyaɗi ina tsakiyar magana. In na tashi aiki muryata ta dushe, ƙafafuna sun yi nauyi. Irin gajiyar nan ce da barci ba ya kore ta. Ka kwanta da ita, ka tashi ka tarar tana zaune bakin gado tana jiranka. Duk ƙarshen mako nakan hau babur in bi yashi in tafi Dogon Dutsi wurin Kawu, yayan mahaifiyata, wanda a gidansa na yi lakwal, wato makarantar boko, tun ina ƙarami.

Kawu tsohon ma'aikacin dabbobi ne, ya yi shekarunsa yana yawon rugage yana yi wa shanu allura har ya yi ritaya. Duk wanda ya gan shi da rawani da sanda ba zai taɓa kawo wa ransa abin da ke cikin akwatin ƙarfen da ke ƙuryar ɗakinsa ba. Fayafayai ne baƙaƙe, manya kamar faifan rufe ƙwarya, ya jera su a tsaye ya naɗe da tsohon zane don kada zafi ya lanƙwasa su. Wasu ya saye su lokacin yana karatu a Yamai, wasu wani Bature malaminsu ne ya bar masa da zai koma gida. Kusan dukansu na kiɗan rok ne, wato kiɗan samarin Turawa masu dogon gashi na zamanin samartakarsa, na gitar mai aiki da wuta da ganguna masu ƙarfi. Ina yaro in ya kunna, ni dai ji nake kamar faɗa ya kaure a maƙera. Sai in fice.

Abin bai tsaya ga saurare ba. Da ƙuruciyarsu shi da abokansa uku sun kafa ƴar ƙungiyar kiɗa a garin, orkes suke ce mata, suna kwaikwayon abin da ke cikin fayafayan nan a wurin bukukuwan ƴan makaranta. Kawu ne mai gitar. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Saura shi da mai gangunansu, wani Bafillace da ya koma cikin danginsa wajen Matankari, ya je Makka ya dawo, har ya zama shi ke jan mutanen wurin salla. Alhaji kowa ke ce masa.

Ciwon kunnen Kawu a hankali ya zo. Muryar jikokinsa ce ta fara ɓace masa, sai kukan tsuntsaye, sai ƙarar waya. Na kai shi asibiti a Yamai. Likita ya ce jijiyar ji ce take mutuwa, siririn sauti shi ke fara tafiya, mai kauri ya biyo baya, kuma ba abin da zai mayar da ita. Aka ba shi ƴar na'urar maƙalawa a kunne, ya gwada ya ce fito kawai take yi masa a ka, ya cire ya sa aljihu. Muka hau motar dawowa har muka wuce Doso. Can sai ya dafa gwiwata.

"Ɗana," ya ce, da ƙarfi kamar yadda masu ciwon kunne ke magana, har na kujerar gaba suka waiwayo, "akwai faifai guda da nika son in ji tun daga farko har ƙarshe, kahin ƙofar ga ta rufe."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Da muka iso gida na nemo waƙoƙin a wayata, na sa masa abin ji a kunne. Bai daɗe ba ya zare ya miƙo mini.

"Mi ne ne wanga? Sauro ne cikin gwangwani. Kuma daga tsakiya ka faro mini. Mutanen ga zama sunka yi, sunka yi ta gardama kan wace waƙa za ta zo farko, wace za ta bi ta. Kai kuma ka zo ka watse musu aiki."

Faifansa yake so, a kan garmahonsa, wato akwatin nan mai juya faifai da allura. Garmahon kuwa ya yi shekaru a mace. Allurar ta karye, robar da ke juya shi ta narke ta zama kamar ƙaro. Na ɗaure shi a bayan babur na yi ta yawo da shi shago shago. Masu gyaran waya suka yi ta dariya, ɗaya har ya ɗauki hotonsa. A ƙarshe wani tsoho mai gyaran rediyo ya yanko roba daga tsohon tub na tayar babur ya haɗa. Allura kuwa sai da na ɗora wa wani abokina a Yamai, shi ma ya sha yawon kasuwa kafin ya samo. Duk wannan ana cikin tsakiyar bazara, jarrabawa na matsowa, takardun yara jibge suna jirana. Wani lokaci in na tsaya tura babur a cikin yashi, gumi na shiga mini ido, sai in tambayi kaina wai duk don me. Don tsoho ya ji ihun waɗansu Turawa da wataƙila ma sun mutu.

Da na kawo garmahon yana juyawa, na ce to Kawu, bismilla. Sai ya girgiza kai.

"Ba ni jin shi ni ɗai. Tahi ka kirawo mini Bafillacen nan."

Mako na zagayowa na kama hanyar Matankari. Na tarar da Alhaji a bakin rijiya, zaune kan buzu a inuwar gawo, yana kallon ana shayar da shanunsa da suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Dogo ne, siriri, gemunsa fari fat. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na isar da saƙo. Yana jan carbi ya amsa.

"Yaro, na aje sandunan gangar nan tun kana goye. Yanzu mutane ka bi na salla. In anka ce an ga limami zaune gaban kiɗan nasara, mi zan ce musu?"

Na ce, "Baba, likita ya ce kunnen tafiya yake yi. Ba zai dawo ba."

Ya yi ƴar dariya. Tsakanin Fulani da Arawa, dangin su Kawu, akwai wasa tun kaka da kakanni, su biyun kuma ba su taɓa raga wa juna ba. Ya ce, "Ba'are dama yaushe ya taɓa jin magana? Yanzu dai ya samu hujja." Bakinsa ne kawai ya yi dariyar, idonsa na kan shanu. Ya ce in gaishe shi, Allah ya sawwaƙe. Na hau babur na dawo da wannan. Da na faɗa wa Kawu, sai ya ce in rufe garmahon da zane kada ƙura ta shiga. Na rufe, raina a ɓace, ina ganin duk wahalata ta tashi a banza.

Ranar kasuwar Dogon Dutsi ta faɗo cikin wani ɗan hutu, ina gidan. Tun safe babu wuta, gari ya yi zafi har karnuka sun shige ƙarƙashin amalanke. Da hantsi muka ji sallama a zaure. Alhaji ne, ƙafafunsa fari da ƙura. Ya ce rago ya kawo kasuwa, ya ga bai kamata ya wuce bai duba marar lafiya ba.

Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ragon ya fi ka nama, na tabbata."

Alhaji ya sunkuya daidai kunnensa ya ɗaga murya: "Bawana, ashe kana nan ba ka mutu ba!"

Inna, matar Kawu, ta kawo fura da ruwan randa. Suka yi ta hira da ihu, rabi Kawu na ji, rabi yana gyaɗa kai kawai. Ba wanda ya ambaci faifai. Aka yi azahar, aka ci abinci, zafi ya kwantar da kowa. Ni har na fara gyangyaɗi jingine da bango sai na ji iska a wuyana. Fanka ce ta fara juyawa. Wuta ta dawo.

Kawu ya dube ni, na dube shi. Alhaji ya miƙe ba tare da ya kalli kowa ba, ya ja buzunsa zuwa bakin ƙofa ta waje, ya zauna ya juya mana baya. "Ni iska nika sha," ya ce.

Kawu da kansa ya zaro faifan. Kwalinsa ya tsufa har ya yi laushi kamar tsumma, hoton maza huɗu da ke jiki ya kusa gogewa. Ya riƙe shi ta gefe gefe da tafin hannu, ya hure, ya ɗora. Ni na sauke allurar. Aka ɗan ji ƙaras ƙaras kamar ana taka busasshen kara, sai ganga ta faɗo.

Na buɗe sautin har ƙarshe, kwanukan Inna na kan kabad suka shiga kaɗawa. Kawu ya jawo kujerarsa jikin sifika, ya manna kunnensa na dama, wanda ya ɗan fi, ya ɗora tafin hannu a kan katakon. Fuskarsa ta saki. Yana jin gangunan, yana jin gitar mai kaurin murya da suke kira bas.

"Bar bin mai waƙa!" ya daka mini tsawa cikin ƙarar. "Bi mai bas! Shi ka riƙe da su duka, kuma ba wanda ka tafa mishi!"

Ban san dalili ba, na bi maganarsa. Wataƙila don na gaji da yawa ne har ba ni da ƙarfin ƙin abin. Na kasa kunne ga wannan murya mai kauri da ke tafiya a ƙasa kamar takun raƙumi, sai abin da nake ɗauka hayaniya ce ya fara rarrabuwa. Ashe mutum huɗu ne, kowa da aikinsa. In mai waƙa ya ja numfashi, gitar ta cike gurbin. In gitar ta yi nisa kamar za ta ɓata, ganga ta kira ta ta dawo. Ba na jin Ingilishi sosai, amma muryar mai waƙar ba ta bukatar tafinta. Murya ce ta mutumin da ya daɗe bai kwana gidansu ba.

A tsakanin waƙa da waƙa, cikin ɗan shirun nan, Kawu ya riƙa jefo mini labarinsu guntu guntu. Ƴaƴan leburori ne daga wani garin masana'antu mai hayaƙi. Tare suka tashi, tare suka yi suna, suka yi shekaru suna yawon duniya a mota ɗaya har suka gundure da juna. Ya ce lokacin da suka yi wannan faifai ko gaisuwar kirki ba sa yi, kuma bayansa ba su daɗe ba suka watse. "Amma saurara ka ji," ya ce, "in sun ɗauki kayan kiɗa, ba wanda ka taka wani." Fuskar farko ta ƙare. Na saci kallon ƙofa. Alhaji na nan yadda yake, carbi a hannu, sai dai babban yatsan ƙafarsa na dama yana motsi a cikin yashi.

Kawu ya ce in juya. Kafin in sauke allura ya riƙe hannuna ya ce fuska ta biyu ita ce dalilin komai. Akwai doguwar waƙa a ƙarshenta, a tsakiyarta kowa yakan ja baya a bar mai gitar shi kaɗai. Damina guda Kawu ya yi yana koyon wurin nan, yana ɗaga allura yana mayarwa, har yatsunsa suka fashe. Shi yake so ya ji.

Fuska ta biyu ba ta da gaggawa. Waƙoƙin suka yi ta saukowa a hankali kamar yamma. Da aka shiga doguwar waƙar, Kawu ya gyara zama, ya ƙara manna kunne, ya rufe ido. Mai waƙa ya yi baitinsa ya yi shiru. Bas ya koma can ƙasa. Gangar ta rage sai ɗan taku a hankali kan faranti na ƙarfe. Sai gitar ta taso, siririya, daga nesa, kamar makiyayi na kiran saniyar da ta ɓata a bayan dutse. Ta hau, ta tsaya, ta yi kamar za ta karye, ta sake hawa. Tsikar jikina ta tashi. Na juyo in ga Kawu.

Yana nan yadda yake, ido rufe, goshi a tattare, yana jira. Ya ƙara danna kunnensa jikin katako. Can ya buɗe ido ya dube ni.

"Ya fara?"

Duk abin da ya rage a cikin waƙar siririn sauti ne, irin wanda likita ya ce shi ke fara tafiya. Abin da ya sa na sha yashi da rana, abin da shi ya yi ta jira, yana cika ɗakin har waje, shi kaɗai ne ba ya ji. Na kai hannu ga maɓallin sauti, alhali na san ya riga ya kai ƙarshe.

Daga bakin ƙofa Alhaji ya ce, "Ya daɗe da farawa." Bai ɗaga murya ba, don haka ni kaɗai na ji.

Sai ya tashi. Ya sa carbinsa a aljihu, ya tuɓe takalmi, ya shigo. Ya ce mini, "Mai da allurar baya, inda mai waƙa ya yi shiru." Na lalubo wurin da ƙyar. Ya tsaya a bayan kujerar Kawu, ya ɗora tafukansa biyu a kan kafaɗunsa, ya fara buga masa kiɗan gangar a jiki. Dama, dama, hagu. A hankali, daidai da faifan, ko sau ɗaya bai kauce ba, mutumin da ya ce ya ajiye sanduna tun ina goye. Da gitar za ta shigo, sai ya matsa kafaɗar Kawu da ƙarfi.

Kawu ya janye kunnensa daga sifika. Ya jawo sandarsa ta tafiya da ke jingine, ya kwantar da ita a cinya, ya kama wuyanta da hannun hagu. Yatsunsa suka fara tafiya a kan icen. Ina jin gitar a sifika, ina kallon yatsun tsoho suna hawa inda ta hau, suna girgiza inda ta yi rawa, suna tsayawa inda ta tsaya. Ba ya jin komai, bugun da ke bayansa kawai yake bi, sauran kuma yana cikin kansa. Inna ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya a ƙofa. Gumi na zuba daga gemun Alhaji yana ɗiga a rawanin Kawu, bai tsaya ya share ba. Haka suka tafi har sauran makaɗan suka dawo, waƙar ta tattaru ta yi ƙarfi, sannan ta mutu a hankali. Allura ta kai tsakiya tana ƙaras ƙaras. Na ɗaga ta.

Kawu ya ajiye sandar, yana haki kamar wanda ya yi noma.

"Ban ji shi ba," ya ce. Ba kuka a muryarsa, faɗi kawai ya yi, kamar mai ba da labarin ruwa bai sauka ba. "Ko kaɗan ban ji ba."

Alhaji ya zauna a bakin gado yana murza tafukansa da suka yi ja. Ya sunkuyo kunnen Kawu ya ce da ƙarfi, "Ka yi kure wuri guda. Wurin da ka saba yi tun muna samari."

Kawu ya ce, "Ƙarya kake, kai ne ka yi sauri."

Suka yi dariya irin ta tsofaffi, mai ƙarewa da tari. Na tambaya ko in sake sawa daga farko. Kawu ya ɗaga hannu ya ce a'a, ya isa, in mayar da shi kwalinsa. Daidai nan aka kira la'asar. Alhaji ya nemi buta, ya yi alwala a tsakar gida, ya ja mu salla a zaure, ni ina taɓa Kawu in za a yi ruku'u. Da aka sallame ya ɗauki buzunsa ya ce zai bi motar kasuwa kada ta tashi ta bar shi. Maganar faifai bai sake yi ba, mu ma ba mu yi masa ba.

Kafin kaka ta zagayo kunnen Kawu ya rufe gaba ɗaya. Bai ƙara cewa a kunna garmahon ba, ya ce in kwashe shi da fayafayan duka in tafi da su. Ya yi ƴan shekaru a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. A duk tsawon lokacin nan, in dai ranar kasuwa ce, Alhaji zai zo, da abin sayarwa ko babu. Su zauna a zaure kafaɗa da kafaɗa, ba mai cewa komai, har rana ta yi sanyi ya tashi ya tafi. Shi ya yi masa wanka, shi ya sallace shi.

Yanzu ni ma furfura ta fito mini, har yau kuma ina gaban allo. Wani lokaci da yamma in na dawo a gajiye nakan ɗora faifai ɗaya, in zauna in ji shi har ƙarshe ba tare da na tsallake ko waƙa guda ba, in yi mamakin yadda mutanen da ban taɓa gani ba suka san halin da nake ciki. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba kowace wahala ce ke kai ka ga abin da ka nufa ba. Na yi iya yina don Kawu ya ji gitar nan, bai ji ba, kuma ba wanda zai iya sa shi ya ji. Amma in abu ya fi ƙarfinka ba za ka iya mayar wa mutum da shi ba, kada ka ce ai ba amfani ka yi zamanka a waje. Ka shiga, ka tsaya kusa da shi inda zai san kana nan, har a kai ƙarshen waƙar.